Tsadar Harsashi da Kayan Cika Shi: Yadda Mafarauci Mai Lasisi a Legas Zai Tsimi Abin da Ke Hannunsa

Duk mafaraucin da ke zaune a Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, wanda yake da bindigar farauta mai lasisi kuma yakan leƙa dajin Epe ko na bayan Ikorodu idan ya sami sarari, ya san cewa kuɗin da yake warewa don harsashi a shekarun baya yanzu ba ya kai shi ko rabin hanya. Wannan matsin ne ya sa wasu samari da ke kallon bidiyon Amurkawa a YouTube, inda mutum yake zaune a garejinsa yana jan hannun wata na'ura tana sake cika masa tsofaffin kwanson harsashi, suka fara tambaya ko su ma za su yi odar irin wannan na'ura su huta da saye. Amsar ita ce a'a, kuma dalilan biyu ne. Dokar Najeriya ta hana, sannan ko a Amurka inda doka ta yarda, kayan aikin sun yi tsadar da ta cinye yawancin rangwamen da ake samu a da. Abin da ya rage wa mai lasisi shi ne ya san inda tsadar ta samo asali, ya iya saye, ya iya ajiya, ya kuma daina zubar da harsashi a banza.

Inda tsadar ta taso

Harsashin bindigar farauta abu biyar ne a haɗe: kwanson roba mai gindin ƙarfe, 'yar hular da ke tsakiyar gindin wadda allurar bindiga ke sara, albarushi, toshiyar da ke raba albarushi da ƙwayoyi, sai ƙwayoyin dalma. Kowane ɗaya daga cikinsu ya sha nasa tashin farashin tun daga shekarar 2020. A shekarar ne annobar korona da zaman ɗar-ɗar a Amurka suka sa miliyoyin mutane da ba su taɓa mallakar bindiga ba suka ruga kantuna, kamfanin Remington kuma, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera harsashi a ƙasar, ya karye a watan Yuli, aka yi gwanjon sassansa, kamfanin Vista Outdoor ya sayi ɓangaren harsashin. Da buƙata ta yi yawa sai masana'antu suka riƙe 'yan hulunan nan don nasu harsashin maimakon su sayar wa masu cikawa a gida, har aka kai lokacin da mai na'ura yake da komai a gabansa amma ba shi da abin da zai tayar da wuta.

Kafin kasuwa ta gama farfaɗowa sai yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022. Albarushin zamani ana yin sa ne da wani sinadari mai suna naitiroselulos, wanda ake sarrafawa daga gajeren gashin auduga da ke manne da angurya bayan an gurje ta, kuma wannan sinadari shi ne dai ake buƙata wajen yin abin da ke tura harsasan manyan bindigogin atilare. Gwamnatocin Turai da Amurka suka shiga saye da kuɗin da mafarauci ba zai iya gasa da shi ba. A ƙarshen 2023 Vista Outdoor ya sanar da ƙarin farashi daga farkon 2024 yana kafa hujja da ƙarancin albarushi a duniya, a 2024 kuma reshensa mai suna Alliant ya dakatar da aika gwangwanayen albarushi ga masu cikawa a gida. A watan Mayun shekarar nan tan ɗaya na jan ƙarfe ya haura dala 11,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, a watan Satumba kuma Sin ta taƙaita fitar da antimoni, wato ƙarfen da ake gauraya wa dalma don ƙwayoyin harsashi su yi tauri. Su kansu na'urorin, irin na kamfanonin Lee da RCBS da Dillon da Hornady da MEC, da ƙarfe da alminiyom ake yin su, ga shi a 2025 Amurka ta ɗaga harajin shigo da waɗannan ƙarafa zuwa kashi 25 cikin ɗari a watan Maris, sannan zuwa kashi 50 a watan Yuni.

Wannan duk a can ne. Mu a nan akwai namu nauyin da aka ɗora a kai, kuma a ganina shi ya fi ciwo. A tsakiyar watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati, ba a kai ƙarshen Fabrairun 2024 ba sai da ta haura 1,500. Lissafin ba shi da wuya. A ce akwai kwalin harsashi da kuɗinsa dala 10 ne a ƙasar da aka yi shi kuma bai ƙara ko sisi ba: a tsohon canji naira 4,600 ne, a sabon canji ya zama 15,000, tun kafin a sa kuɗin jirgin ruwa da na kwastam da na fito da kaya daga Apapa ko Tin Can da ribar dillali. Wanda ya fahimci wannan ba zai ɓata bakinsa yana zargin mai kanti shi kaɗai ba, kuma ba zai zauna jiran farashi ya koma yadda yake a 2019 ba.

Abin da doka ta ce, kafin a kai ga dabara

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa ake riƙe su. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Sai kuma na ɗurawa ta baki, wato dangin bindigar toka. Bindigar farauta mai sarrafa kanta, ko wadda ke da wata na'urar loda harsashi kamar wadda ake ja ta ƙarƙashin bututu, ba ta cikin kashi na biyu, kuma mutanen Legas ba su manta da 2017 ba, lokacin da jami'an kwastam suka kama irinta guda 661 a watan Janairu, 440 a watan Mayu, sannan 1,100 da wasu 470 a watan Satumba.

Abubuwa uku a cikin dokar suka shafi maganarmu kai tsaye. Ba a riƙe harsashi sai wanda ya dace da bindigar da lasisin mutum ya ambata. Ba a sana'ar sayar da bindiga ko harsashi sai dillalin da aka yi wa rajista. Sannan ba a ƙera ko harhaɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa don sojoji, irin kamfanin DICON da ke Kaduna tun 1964. Sake cika kwanso harhaɗa harsashi ne, ko guda ɗaya mutum ya yi, ko da kuwa lasisin bindigarsa lafiya lau yake, kuma hukuncin laifin ɗauri ne. Shigo da kayan da suka shafi makamai ma yana buƙatar takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, don haka wanda ya yi odar na'ura ta intanet yana zaton za a kawo masa ita har gida kamar takalmi, kansa kawai ya kai. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, abin da ya sa lasisin da ke hannun mutum ya ƙara daraja, kuma wauta ce a jefa shi cikin haɗari saboda rangwamen kwali ɗaya.

Ban da doka akwai lafiya. Dalma guba ce, kuma Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan haka bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma da ta shiga gidaje daga duwatsun zinariya da ake daka. Wanda zai narka dalma don yin ƙwayoyin harsashi a tsakar gidan haya, inda yara ke rarrafe mata na girki, irin wannan ƙofar yake buɗewa.

Fara da littafi

Mataki na farko ba ya cin ko kwabo. Ka sami ƙaramin littafi, duk fitar da ka yi ka rubuta ranar, da wurin, da yawan harsashin da ka tafi da shi, da wanda ka harba, da wanda ya ƙi tashi, da abin da ka kawo gida. Yawancin mafarauta suna tuna ranar da suka kawo gada, suna manta ranaku huɗu da suka harba iska. Kwali yana ɗauke da harsashi 25. Idan a rani ɗaya ka fita sau goma kana harba shida a kowace fita, ka ƙone 60, wato kwali biyu da guda goma. Idan abin da ka samu a duk fitar nan dabba 15 ne, kowace dabba ta ci maka harsashi huɗu. Mutumin da ya iya sauko da wannan zuwa biyu ya raba kuɗin harsashinsa gida biyu ba tare da ya nemi ragi a wurin kowa ba, kuma babu na'urar da za ta yi masa wannan aikin.

A littafin nan ka sa kuɗin mota ko man babur. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa Epe da dawowa ya zama wani babban kaso na kuɗin farauta, har wani lokaci ya fi harsashin. Fita biyar da aka shirya da kyau, ana kwana kusa da wurin a shiga daji da asuba, ta fi fita goma ta gaggawa da ake isa rana ta take.

Yadda ake saye

Ka saya a wurin dillali mai rajista kawai, ka tafi da lasisinka, ka tabbata an rubuta cinikin, ka karɓi rasit mai ɗauke da yawan harsashi da irinsa. Rasit ɗin nan shi ne bakinka ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike.

Kafin ka biya, ka duba rubutun da ke jikin bututun bindigarka ka gwama da na kwali. Yawancin bindigogin farauta a ƙasar nan masu lamba 12 ne, lambar da ke nuna faɗin bututu, amma tsawon ɗakin harsashi, wato wurin da harsashi ke zama a gindin bututu, ya bambanta: akwai na milimita 70, akwai na 76, tsofaffin bindigogin Ingila ma akwai na 65. Gajeren harsashi yana aiki a dogon ɗaki, amma dogo a gajeren ɗaki haɗari ne, domin zai shiga ya rufu kamar lafiya, sai an harba bakinsa ya rasa inda zai buɗe, ƙarfin ya taru fiye da abin da ƙarfen zai ɗauka. Haka nan kada harsashi mai lamba 20 ya kwana a jaka ɗaya da mai lamba 12, saboda yana iya zamewa cikin bututu ya maƙale, mutum ya sa wani a bayansa bai sani ba.

Sai girman ƙwaya. A nan ne ake asarar da ba a gani. Ƙwaya ma tana da tata lambar daban, kuma yawan lamba, ƙanƙantar ƙwaya: ƙwayoyin mai lamba 6 sun fi na mai lamba 4 ƙanƙanta, sun kuma fi su yawa, na mai alamar BB kuma sun fi su duka girma. Fakara da hasbiya da zabon daji ƙananan ƙwayoyi suke so don su bazu su rufe wuri, gyazbi da zomo matsakaita, gada kuma manya. Mutane da yawa suna sayen manyan ƙwayoyi ga komai don suna jin sun fi ƙarfi, sai su harbi tsuntsu ya wuce ta tsakanin ƙwayoyin, ko su same shi su lalata naman. Ka duba littafinka ka ga dabbar da ka fi haɗuwa da ita, ka sayi yawancin harsashinka don ita, ka ajiye 'yan kaɗan na ɗayan irin.

Game da lokacin saye, kayan da ake shigowa da su suna bin dala da ɗan jinkiri, don haka idan naira ta ɗan tsaya wuri ɗaya kuma kana da kuɗi, ka sayi na kakar farauta gaba ɗaya, muddin bai wuce adadin da lasisinka ya yarda ba. Adashe tsakanin abokan farauta yana taimakawa wajen tara kuɗin, haka ma haɗa kuɗin mota zuwa wurin dillali. Amma kuɗi ake haɗawa, ba harsashi ba. Kowa ya saya da sunansa a kan lasisinsa, kada wani ya sayo da yawa ya dawo yana rabawa, domin a idon doka ya zama dillali marar rajista.

Yanzu ga abin da tsada ta haifar: harsashin bayan fage, wanda wani ya sake cikawa a ɓoye yana sayarwa da araha. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya cin yatsu ko ido. Ana gane shi idan an lura. Naɗin bakin harsashin masana'anta daidai yake, yawanci kamar tauraro mai tsaga shida ko takwas, a shafe lif, na bayan fage kuwa yakan karkace ko ya kumbura, wani lokaci a ga an ɗiga masa kakin kyandir ko gam don ya riƙe. Rubutun jikin robar yakan goge, bakin yana da alamar ƙuna, gindin yana da ƙarce, kuma a cikin kwali ɗaya sai ka ga launi ko tambari sun sha bamban. Idan aka ce za a sayar maka a leda, ɗai-ɗai, babu kwali babu rasit, ka bar shi ko nawa ne. Ba ka san me aka zuba ba, ba ka san nawa aka zuba ba, shi ma wanda ya zuba sau da yawa bai auna ba.

Ajiya, inda Legas ke cin kuɗin mutane

Wanda ya taso a Katsina ko Gusau ya saba da iska busasshiya, inda za a rataye jakar farauta a ƙusa shekara guda a dawo a same ta yadda aka bar ta. Legas ba haka take ba. Danshin iska yakan haura kashi 80 cikin ɗari a yawancin watanni, ruwa yana sauka daga wajen Afrilu har Oktoba da ƙarfinsa a Yuni, ga gishirin teku a cikin iska ga wanda ke Obalende ko Ijora ko Badagry. Gindin harsashi da yake ƙyalli kamar tagulla, a mafi yawan harsasan yau ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, kuma idan ka kusanto da maganaɗisu za ka ga ya kama. Ƙarfe kuwa tsatsa yake yi. Gindin da ya yi tsatsa yakan maƙale a bindiga bayan harbi, danshin da ya sami hanya ya shiga ciki kuma yana raunana albarushi.

Na taɓa yin wannan asarar da kaina. A damina ta farko da na yi a Agege na ajiye kwali biyu a ƙarƙashin gado, a kan siminti, a jakar da na zo da ita daga gida, da aka shiga Nuwamba na ɗauko sai na tarar kwalayen sun yi laushi kamar an jiƙa su, gindin fiye da rabin harsasan ya yi ja. Na kai wa wani dattijon maharbi da muke sallah masallaci ɗaya, ya juya guda a hannunsa ya ce, "Ɗana, nan ba Arewa ba ce. A garin nan ko gishiri sai an rufe masa baki." Na ce, "Baba, ko za a goge a yi amfani da su?" Ya ce wanda tsatsarsa ta tsaya a sama, kamar ƙura, busasshen tsumma zai ɗauke ta, amma wanda ta ci ƙarfen ta yi rami, ko ta zagaye 'yar hular, a cire shi daga lissafi.

Abin da ya kamata a yi shi ne a sami akwati mai murfi da roba a bakinsa, wanda iska ba ta shiga, a bar harsashi cikin kwalinsa na asali a sa a ciki. A jefa 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko na kayan lantarki, a riƙa sauya su ko a busar da su da ɗan ɗumi idan sun sha sun ƙoshi. A rufe akwatin a ranar da iska ta bushe, domin duk iskar da aka rufe da ita, ita ce za ta zauna a ciki, kuma lokacin hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, ya fi dacewa da wannan aikin. A ɗora shi a kan katako ko kanta, sama da inda ruwa ke kaiwa idan kwata ta cika ta shigo ɗaki, kada ya jingina da bangon da ke tsattsafo. A rubuta ranar saye a kan kowane kwali, a fara amfani da tsoho kafin sabo. Harsashin da ya sami irin wannan kulawa yana yin shekaru masu yawa lafiyarsa ƙalau.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Kada a ɓoye harsashi a saman silin ƙarƙashin kwano, kada a bar shi a but ɗin mota da ke yini a rana, kada kuma ya kusanci kicin ko janareta ko jarkar fetur. Mai yana ratsa harsashi ya kashe 'yar hular, don haka ba a shafa masa man bindiga da sunan kare shi daga tsatsa. Akwatin ya kasance da kwaɗo, a wurin da ya bambanta da inda bindiga take, mukullin kuma a jikin mai shi. A gidan haya mai ɗakuna a jere, inda yaran maƙwabta ke shiga ko'ina, wannan ba zaɓi ba ne. Mutanen garin nan sun san abin da mummunar ajiya ke jawowa: a ranar 27 ga Janairun 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, mutane fiye da 1,000 suka rasu, akasarinsu a magudanar Oke-Afa suna gudun ceton rai, a ranar 26 ga Disamban 2012 kuma wani ɗakin ajiyar kayan tartsatsin wasa ya tashi a Jankara ya ƙone gidaje. Kwali biyu na mafarauci bai kai waɗannan ba ko kusa, amma dalilin da ya sa ba a tara abu mai kamawa kusa da wuta ɗaya ne.

Idan za ka fita, ka ɗebi abin da za ka buƙata kawai a leda mai zif. Wanda ya dawo daga daji ka shanya shi a inuwa ya sha iska kafin ya koma, kuma ka ware shi gefe don ya zama na farko a fita ta gaba.

Bindiga da hannun mai ita

Bindiga mai datti tana ɓarnar harsashi. Bayan kowace fita, ko harbi ɗaya aka yi, a tabbata babu komai a ciki, a goge bututu da tsinke da tsumma har ya yi haske, a shafa mai kaɗan, a goge ɗakin harsashi sosai domin a nan tsatsa ke fara kama kwanso. Idan harsasai masu kyau suna ƙin tashi kuma ka ga saran da ke kan 'yar hular bai yi zurfi ba, laifin na allura ne ko sifirin, ba na harsashi ba, sai a kai wa mai gyaran da ke da izini, domin gyaran bindiga ma doka ta ɗaure shi da izini. Duk lokacin da ka ja kunama ba ta tashi ba, ka ci gaba da nuna bakin bindiga wuri marar haɗari, ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Idan kuma ƙarar ta fito a raunane, kada ka sake harbi sai ka buɗe ka leƙa bututu, don toshiya tana iya tsayawa a ciki.

Akwai harsashi uku ko huɗu da ya kamata ka sadaukar da gangan. A daji, nesa da gidaje da hanya da gonakin mutane, inda akwai tudu a baya, ka kafa babban kwali ka zana da'ira mai faɗin kamar santimita 75, ka harba daga mita 20, ka sauya kwali ka harba daga mita 30, sannan daga 40. Za ka ga inda bindigarka ke kai ƙwayoyi, sama ko ƙasa, da nisan da suke fara watsewa har zabo zai iya wucewa ta tsakiya. Wannan nisan shi ne iyakarka. Mafi yawan harbin da ke tafiya a banza daga nesa ake yin sa, mutum ya ga dabba a mita 60 zuciya ta ɗebe shi, ya yi asarar harsashi, ya kori dabbar, ko ya raunata ta ta je ta mutu inda ba wanda zai ci. Maharban da, masu baka da kibiya da bindigar toka, harbi ɗaya suke da shi, shi ya sa suka ƙware a sanɗa da karanta sawu da bin iska. Tsada ta dawo da mu makarantarsu. Ɗaga bindiga zuwa kafaɗa da daidaita ido kuwa ana iya koyonsu a ɗaki da bindigar da aka tabbatar babu komai a cikinta, ba tare da an taɓa kunama ba.

Kada kuma a kashe harsashi a kan abin da doka ta kare. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka ƙara wa tsanani a 2016, ta haramta farautar irin su ɗan kunya, wuraren da aka keɓe kamar cibiyar kare halittu ta Lekki kuma ba a shiga da bindiga. Harbin iska a biki ko don murna, ban da haɗarinsa a gari mai cunkoso irin wannan, kuɗi ne ake ƙonawa a sama.

Abin da ya lalace da kwanson da aka harba

Harsashin da ya kumbura, ko ya tsage, ko ya sha ruwa, ko ya ƙi tashi, kada a farke shi don a ciri ƙwayoyi, kada a jefa shi a wuta, kada kuma a zuba shi a shara. Da yawa daga cikin masu tura kurar shara da 'yan gwangwan da ke tone bola a Legas 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, su ne ke ƙona tarkace don su fitar da ƙarfe, kuma su abin zai tashi a fuska. A ware shi a wani ƙunshi daban, a rubuta yawansa a littafi, a mayar wa dillalin da aka saya a wurinsa ko a miƙa wa sashen kula da makamai na 'yan sanda, a nemi a rubuta cewa an karɓa, don lissafin abin da ka saya da abin da ya rage ya daidaita ranar sabunta lasisi.

Kwanson da aka riga aka harba kuma a tsince shi kada a bar shi a daji. Idan wani ya zo yana neman saye, ko ya ce a ba shi kyauta, ka san inda za shi, domin da irinsa ake yin harsashin bayan fage da aka yi magana a kai. Ka duba ka tabbata fanko ne, ka yanke robar gida biyu da wuƙa ko ka take ta ta tsage, sannan ka zubar.